Karayar ƙafa a dabba: wuƙa ce kaɗai magani, ko akwai ɗorin da yake ci?

DillalinTike
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mahauta da makiyaya, daga kasuwar Adumri ta Kamaru har Masaget ta Chadi: saniya in ta karye, a nemo wuƙa. To ga likitoci a wannan zaure, ga masu kiwo. Shin binciken da ake ta yi a kan gyaran ƙashin dabba ya taɓa wannan hukunci, ko duk na karnukan Turawa ne da dawakin tsere? A faɗa mana dalla-dalla wace karaya ce take ɗoruwa, wacce ce ɓarnar kuɗi, kuma da me ake aikin.

Dokta_Garwa
Wa alaikumus salam Alhaji. Mahauta suna da gaskiya a kan bijimi mai nauyi da ya karye a cinya. Asarar tana zuwa ne da aka shimfiɗa hukuncin a kan kowace dabba. Kafin a ɗauko wuƙa a duba inda ƙashin ya karye, nauyin dabbar da shekarunta, sannan ko ƙashin ya huda fata.

Karayar da ta fi yawa a shanu ita ce ta ƙwauri, dogon ƙashin nan da ke saukowa daga gwiwa zuwa mahaɗin kofato, a ƙafar gaba ko ta baya. Ita ce kuma ta fi sauƙin gyara. Maraƙi in fatarsa ba ta fashe ba, siminti, wato bandejin ɗori mai daskarewa, kaɗai ya ishe shi, cikin mako 4 zuwa 6 ƙashi ya kama, domin tantanin da ya lulluɓe ƙashin ɗan dabba yana da kauri da jini sosai, shi ke zubo sabon ƙashi. Babbar saniya sai mako 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Akuya da tunkiya sun fi kowa sauƙi saboda rashin nauyi, da ƙafa uku ma suna cin abincinsu.

Ƙa'idar siminti ita ce ya kama gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita. Shi ya sa ba ya aiki a cinya ko dantse, babu yadda za ka ɗaure ƙugu ko kafaɗa. In ka dage ka sa, bakinsa zai tsaya kan karayar, nauyinsa ya riƙa jan ƙafar yana buɗe ta.

Baitariyar_Marwa
Bari in ɗora a kan na Dokta da yadda ake sa shi, don yawancin simintin da ya lalace tun ranar farko aka ɓata shi.

A kwantar da dabbar, karyayyar ƙafa a sama. A wanke kofato, a kankare kashi da ƙasa, a bari ya bushe. A huda bakin kowane kofato a wurin da jini ba ya kaiwa, a zura waya, mutum ɗaya ya ja a hankali har ƙafar ta miƙe. A gwada ta da 'yar'uwarta kada kofaton ya kalli ciki ko waje: ɗan lanƙwasa ƙashin maraƙi yana gyara shi da kansa yayin girma, amma murɗewa a haka za ta zauna. A cusa auduga kaɗan tsakanin kofatai da ƙarƙashin 'yan ƙananan na baya, a sa safa ninki biyu, a ƙara ɗan kauri inda bakin simintin zai tsaya.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne cika auduga don tausayi. Bayan kwana kaɗan audugar ta kwanta, kumburi ya sauka, ƙafa ta fara yawo a ciki, sai gyambo da ƙashi mai motsi. Kofaton ma a rufe shi duka, don nauyi ya bi ta simintin ba ta karayar ba. Bandejin fiba, maraƙin da bai kai kilo 150 ba ninki 6 zuwa 8, babba 12 ko fiye, kuma bayan kamar minti 30 ana iya taka shi. Bandejin farin gari, wato filasta, sai ya fi haka kauri, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 1 zuwa 2. A zafin Afrilu a jiƙa shi da ruwan randa, ruwan ɗumi yana daskarar da shi kafin ka gama naɗi. Maraƙi girma yake yi, a canza masa duk mako 3.

Jauro_Bogo
Hajiya, wannan duk aikin asibiti ne. A ruga da damina simintin farin gari kwana nawa zai yi cikin taɓo da fitsari? Masu ɗori da kara da tsumma suna ɗora awaki suna tashi tun kafin a san fiba.

Baitariyar_Marwa
Gaskiyarka Jauro, ruwa shi ne ajalin na farin gari. Sai a sa masa takalmi da yankin tsohon tib na mota, a tsare dabbar a rumfa mai yashi, ba a bin garke da ita. In babu siminti sam, fayif na roba da aka tsaga tsawonsa biyu ya fi kara: a ɗumama shi a wuta a lanƙwasa shi ya bi ƙafar, a goge bakinsa, a sa shi a kan auduga mai kauri. Nan kam kauri ake so, saɓanin siminti.

Ba na raina masu ɗori, hannunsu ya san jan ƙashi. Inda ake samun matsala: karan gajere ne bai kama gaɓoɓi ba, yana zaune kan fata kai tsaye, kuma an ɗaure da igiya tamau tun ranar farko kafin kumburi ya gama hawa. Jini ya tsaya, kofato ya yi sanyi, bayan kwanaki sai wari, ƙafa ta ruɓe. Duk ɗorin da aka yi, a taɓa ƙasan ƙafa safe da yamma. In ta yi sanyi ko ta kumbura, a kwance nan take.

Farcha77
Ku biyun duk kuna kan hanya, kuma bincike ya bayyana dalilin da kara yake ci a akuya ya kāsa a sa. A 1958 wasu likitocin ƙashi a Suwizalan, ciki har da Maurice Müller, suka kafa ƙungiyar AO, reshenta na dabbobi ya biyo a 1969. Stephan Perren, wanda ya daɗe yana jagorantar cibiyar bincikensu a Davos, shi ya fito da lissafin motsi tsakanin bakin ƙashi biyu. In motsin bai kai kashi 2 cikin ɗari na faɗin tsagar ba, ƙashi yana haɗewa kai tsaye. Tsakanin 2 da 10 sai ya yi ƙulli: jini ya daskare, ya zama guringuntsi, guringuntsi ya zama ƙashi. In ya wuce haka sosai, nama mai jijiya ne kawai zai cika wurin, ƙafa ta zauna tana lilo.

Ke nan ba a neman ƙashi ya tsaya cik, ana neman motsin ya yi kaɗan. Akuya mai kilo 25 kara yana iya riƙe ta cikin wannan iyaka. Sa mai kilo 350 ba ya riƙuwa. Wani abin sha'awa, yawancin gwajin nan a ƙafar tumaki aka yi shi don amfanin mutane, don haka abin da aka sani game da warkewar ƙashin tunkiya ya fi na dabbobi da yawa.

Ɗalibi_Ngaundere
Malam Farcha, to me ya hana a sa farantin ƙarfe da notuna ga kowa a huta? A makarantar likitan dabbobi ta nan abin da ake nuna mana a matsayin mafi inganci ke nan.

Dokta_Garwa
Ƙanena, faranti yana da inganci inda aka cika sharuɗɗansa: hoton ƙashi ta fuska biyu, ɗakin tiyata mai tsabta, barci cikakke, faranti da notuna masu girman da ya dace. In ɗaya ya faɗi, ka binne ƙarfe tare da ƙwayoyin cuta a cikin ƙashi, kuma mugunyar ƙashi ba ta jin allura muddin ƙarfen yana motsi a ciki. Ga kuma jaririn maraƙi, ɓawon ƙashinsa siriri ne, noti ba ya samun abin kamawa. Faranti mai kulle, wanda kan notin yake ɗaurewa a jikin farantin kansa, ya rage wannan matsala tun farkon shekarun 2000, sai dai tsadarsa.

Su kansu masu binciken sun sauya tunani. Da can ana buɗe wuri a jera kowane ɓallin ƙashi a mazauninsa. Daga baya aka ga cewa wanke daskararren jinin karaya da yaye nama daga ƙashi yana jinkirta warkewa. Yanzu in ƙashi ya farfashe, a daidaita tsawo da miƙewa, a tsallake wurin da ƙarfe, a bar ɓallayen da jininsu.

Abin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne ƙarfen waje. Likitan dabbobi ne ma, Otto Stader na Amurka, ya ƙera irinsa don karnuka a shekarun 1930, daga baya aka yi wa sojoji aiki da shi a yaƙin duniya na biyu. A cibiyar binciken dabbobi ta Izatnagar a Indiya sun yi aiki mai yawa a kan mai araha: a soke tsinkayen ƙarfe ta cikin ƙashi sama da ƙasan karaya, a lanƙwasa bakinsu a waje, a haɗe su da gam ɗin ifoksi mai kwaɓi ya zama sanda. Ga maraƙi, akuya da kare yana ci, kuma ciwo yana buɗe ana wanke shi kullum.

Makeri_Yagwa
Dokta, tsinken dole sai na asibiti? Wayar ƙafar keke ko ta babur fa, da injin huda na kafinta?

Dokta_Garwa
Tsinke dole ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa na tiyata, wanda ake kira 316L. Wayar keke fentinta yana ɓarewa a cikin jiki, ta yi tsatsa, ƙashin da ke kewaye ya narke, ta saki. Injin huda na batir kam ana iya aiki da shi in an sa shi cikin jakar yadi da aka dafa, amma a hankali. Ƙashi in ya yi minti 1 a zafin digiri 47 ya fara mutuwa, sai ka ga bayan mako biyu tsinke yana girgiɗi da zoben mataccen ƙashi kewaye da shi. A fara huda rami da baki mai kaifi ɗan ƙasa da kaurin tsinken, ana ɗiga ruwan gishiri, sannan a shigar da tsinken da juyi kaɗan-kaɗan.

Kaurin tsinke kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙashin, in ya wuce ƙashi zai karye ta ramin. Kowane ɓangare a ba shi 3, in wuri ya ƙure 2, ɗaya kusa da karaya ɗaya kusa da gaɓa. Sandar gam ta yi kaurin kamar santimita 2 ga akuya ko matsakaicin kare, a bar santimita 1 zuwa 2 tsakaninta da fata saboda kumburi, a naɗe gindin tsinkaye da jiƙaƙƙen bandeji lokacin da gam ɗin yake ɗaukar zafi. Kayan aiki kuma tafasawa ba ta kashe ƙwayar cutar sandarewar jiki (tetanus) gaba ɗaya. Tukunyar tururi mai murfin matsi, digiri 121, minti 20 zuwa 30.

Ɗalibi_Ngaundere
Ga kare da babur ya buge ai tsinke ɗaya cikin ɓargo ya wadatar, ko a cinya ko a sangalin gaba.

Baitariyar_Marwa
A'a Ɗalibi, biyu ka haɗa kuma duk da gyara. Tsinken ɓargo lanƙwasa kawai yake hanawa. Ba ya hana murɗewa, ƙashin yana juyawa a kansa kamar nama a tsinken tsire, kuma ba ya hana ƙashi nutsewa cikin juna in ya farfashe. Sai an haɗa shi da wani abu: ƙarfen waje, ko waya in karayar doguwa ce a karkace, tsawonta ya kai ninki biyu na faɗin ƙashi, kuma waya aƙalla 2, ɗaya tak sai ta zama wurin da ƙashin ke lilo a kai. Tsinken ya cika kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ramin ɓargo. A cinya a yanke kansa gajere, in ya yi tsini a saman ƙugu yana sukar babbar jijiyar ƙafa, kare ya dinga jan sawu yana ihu.

Sangalin gaba kuwa ba a sa masa tsinken ɓargo, ramin ƙarami ne kuma babu ta inda zai shiga sai ta cikin gaɓa. Sannan ɗan kwikwiyo da ya karye a cinya kada a ɗaure ƙafar a miƙe, naman cinya yana manne wa ƙashi, gwiwa ta sandare har abada.

Shamaki_Garwa
Kun yi ta maganar shanu da karnuka, a taɓo doki. Doki daban ne, kuma sau da yawa ba karyayyar ƙafar ce ke kashe shi ba, lafiyayyar ce. Ba ya jure tsayuwa da ƙafa uku, naman cikin kofaton da ke ɗauke da nauyi sai ya kumbura ya rabu da kofato. Barbaro, dokin da ya ci tseren Kentucky a 2006, ya karye a ƙafar baya ta dama a tsere na gaba, aka sa masa faranti da notuna 27 a asibitin jami'ar Pensilbaniya, ƙashin ya kama, amma ciwon kofato ya sa aka kashe shi a Janairun 2007. In can abin ya gagara, a san abin da za a yi wa mai doki alkawari a nan.

Wanda ake iya cetowa kuma ake sakaci da shi: doki ya sha harbin ɗan'uwansa a gefen ciki na sangali, inda fata ce kawai a kan ƙashi, ga ɗan ciwo ƙarami, yana ɗingishi amma yana takawa. Sau da yawa ƙashin ya tsage bai rabu ba. Ranar da ya kwanta ya yunƙura zai tashi, ranar yake ɓallewa. A ɗaure shi a tsaye kada ya kwanta, abinci da ruwa a daidai ƙirji, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14 don tsagar ba ta cika fitowa a hoton farko ba. Kowane rauni a doki ko jaki, allurar kariyar sandarewar jiki, raka'a 1500, in ba a san an yi masa rigakafi ba.

Hajiya_Kiwo
Jaki ma a kula, ba ya nuna ciwo. In ya daina cin abinci kwana biyu kitse yana cika masa jini, wannan kaɗai yana kashe shi ko da ƙafar tana warkewa.

Amale_Abeshe
Mu a nan karayar da ta fi damun masu raƙuma ba ta ƙafa ba ce, ta muƙamuƙin ƙasa ce. Amale in yana cikin zafin barbara yana cizon ɗan'uwansa ko wani abu mai tauri, ƙashin ya karye a bayan fiƙa, inda ramin haƙori ya rage masa ƙarfi. Sai ka ga leɓen ƙasa da haƙoran gaba sun rataya, yawu da jini na zuba, ba ya iya tsinkar ganye.

Likitocin Bikaner a Indiya sun yi suna a kan gyaransa da waya kawai. A gurfanar da raƙumi a ɗaure, a ba shi maganin kwantarwa, a wanke baki. A zura wayar da ba ta tsatsa mai kaurin kamar milimita 1 tsakanin turamen farko a kowane gefe, a jawo ta gaba a bi ta tsakanin haƙoran gaba, a ɗaga haɓar ta koma daidai da ta sama, a murɗe, a lanƙwasa tsinin kada ya yanki leɓe. Abinci mai laushi, a kurkure baki da ruwan gishiri bayan kowane ci, a duba waya duk mako a ƙara murɗi in ta saki. Ƙurji a ƙarƙashin haɓa yana yawan fitowa, a farke shi ya zube. Wajen mako 6 zuwa 8 ake cirewa. Raƙumin da za a kai mahauta ke nan ya koma aiki.

Jauro_Bogo
Wannan na waya na yarda da shi. Amma maganin kwantarwar da kuke ta ambata, nawa ake ba saniya? Wasu suna auna zailazin da ido, yadda ake ba doki.

Farcha77
Jauro, a nan ake kashe shanu. Saniya ta fi doki jin zailazin kusan ninki goma. Doki yana ɗaukar har miligiram 1.1 a kowane kilo ta jijiya, saniya 0.05 don ta tsaya shiru, 0.1 zuwa 0.2 a tsoka don ta kwanta. Kwalbar kashi 2 cikin ɗari tana da miligiram 20 a kowane mililita, ke nan saniya mai kilo 300 a kan 0.1 mililita ɗaya da rabi ne kacal. Zafin rana yana ƙara masa ƙarfi, a yi aikin da sassafe. Mai tsohon ciki yana iya sa ta ɓari, tunkiya kuma yana taɓa mata huhu. Babbar saniya in za ta daɗe a kwance a hana ta abinci aƙalla awa 24, a sa bakinta ya kalli ƙasa, in ba haka ba ciki ya kumbura ko abin tumbi ya dawo ya shiga huhu. Lidokayin, allurar kashe zafin wurin aiki, a akuya kada ya wuce miligiram 6 a kilo, mai kilo 20 mililita 6 ke nan na kashi 2 cikin ɗari.

Hajiya_Kiwo
Na rage zafi fa? A kasuwa diklofenak aka fi miƙo wa mutum.

Baitariyar_Marwa
Meloksikam, miligiram 0.5 a kilo ga saniya. Diklofenak a guje shi a dabbobin kiwo. A Indiya da Pakistan ungulayen da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa ƙodarsu ta lalace, wasu jinsuna suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, har aka hana shi ga dabbobi a 2006. Ungulayen mayankanmu ba su da yawan da za a yi wasa da su. Kare kuma kada a ba shi diklofenak ko ibuprofen na mutane, yana huda masa ciki, farasitamol kuwa kyanwa yake kashewa.

Liman_Kusiri
Tunda an zo nan, masu kiwon ragunan layya su lura. Dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta layya, amma wadda ta karye ta warke tana tafiya daidai babu laifi. Ke nan ragon da ya karye saura wata biyu ko uku salla, ɗori mai kyau yana dawo da shi kasuwa.

Dokta_Garwa
Allah ya ƙara sani Malam. Abin da zan ƙara, a yanke shawara kafin a soka allura. In an yi wa dabba oksitetarasikilin, maganin ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, sai an jira abin da aka rubuta a kwalba kafin a ci naman, yakan kai mako uku zuwa huɗu ko fiye. Mai dabba ya yi allura yau, gobe ya ce a yanka, an rasa ƙafa an rasa nama.

Karayar da ta huda fata ita ce ke buƙatar wannan shawara da gaggawa. In ramin ƙarami ne, bai kai santimita 1 ba, kuma an same shi cikin awanni, a aske gashi, a wanke da ruwa mai yawa, gishiri giram 9 a lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, a cire mataccen nama, a fara maganin ƙwayoyin cuta nan take. Ba baƙin mai, ba garin batir, ba kashin shanu. In ƙashi ya kwana a waje ya bushe ya sha ƙasa a babbar dabba, wuƙa ta fi. Kuma ba a rufe irin wannan ciwo cikin siminti a manta, ƙuda na samun hanya, ranar buɗewa sai tsutsa.

Shamaki_Garwa
Akwai karayar da tun a barga da turke ake shuka ta. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da aka riƙe da dusa da gero zalla jikinsa yana kwasar kalsiyam daga ƙashi, fuska ta kumbura a gefen hanci, ya dinga ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan, ƙashi ya yi laushi. Harawar wake da ta gyaɗa suna gyara wannan, ana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras biyu.

Farcha77
A shanun daji kuma akasin haka ne, da rani ciyawa ba ta da fosfaras, shi ya sa kuke ganin saniya tana tauna ƙashin mushe, daga nan ma take ɗaukar gubar da ke shanye jiki. Irin wannan saniya in ta karye ɗorinta yana jinkiri sai an ba ta gishirin lasa mai fosfaras. Karayar ƙwaurin jariran maruƙa kuwa yawanci hannun mutum ne: igiya ɗaya a ƙafa, maza huɗu suna ja wajen haihuwa. A zarga igiyar sama da mahaɗin kofato, a sake zarga ta ƙasa da shi don jan ya rabu biyu, mutum biyu su ja, kuma sai lokacin da uwar take yunƙuri. Irin wannan karaya tana da mugun hali, igiyar ta riga ta murƙushe jijiyoyin jini, wani lokaci sai bayan kwana goma fata ta fara zubewa a cikin siminti.

DillalinTike
Na gode ƙwarai. To ku dawo min kan tambayata da misali ɗaya: ɗan bijimi mai kilo 250, ya karye a sangalin ƙafar baya, sama da inda Dokta ya ce siminti na ci, fata ba ta fashe ba. A ɗora ko a yanka?

Farcha77
A ɗora, in mai shi zai iya jinya. Akwai sandar Thomas haɗe da siminti: makeri ya lanƙwasa rodi ya yi zobe da zai zauna a matsematsi, sanduna biyu su sauko gaba da baya su haɗu a ƙarƙashin kofato. A naɗe zoben da auduga sosai, a ɗaure kofato da waya a gindin sandar, a yi siminti ya haɗe ƙafa da sandunan. Kwanakin farko sai an taimaka masa tashi, kuma in ya kwanta a kan ƙafar a juya shi. An yi rahoton nasara da ita a shanu masu irin wannan nauyi.

Dokta_Garwa
Ni a nan ba na tare da kai gaba ɗaya, Malam Farcha. Zoben yana cin matsematsi da maraina, ƙafar sau da yawa tana warkewa a karkace, kuma in karayar tana can sama kusa da gwiwa zoben ne zai zama abin da ƙashin ke karyewa a kai. Gefen ciki na sangali babu nama, tsinin ƙashi yana iya hudo fata a ƙarƙashin simintin ba wanda ya gani. In karsana ce mai asali ko saniya mai ciki, sai in ce a soke tsinkaye 2 ko 3 a ƙashin sama da karaya a haɗe su cikin siminti, nauyi ya bi ta tsinkayen. Ɗan bijimin da dama kasuwa za shi, wata biyu zuwa uku na harawa da magani da ramar da zai yi, Alhaji ya fi mu iya wannan lissafi.

Jauro_Bogo
Ka manta lafiyayyar ƙafar, Dokta. Sandar tana ƙara tsawo, in ba a sa wa ɗayar katako a kofato ba ita ce za ta lanƙwashe.

Baitariyar_Marwa
Haka ne Jauro, a manna mata katako daidai tsawon da aka ƙara. Kowace hanya Alhaji ya bi, a auna zafin jiki da safe kafin rana ta ɗaga, in ya haura 39.5 a bincika. A shinshina bakin simintin kullum, a shafa a ji ko akwai wuri mai ɗumi ko danshi. Dabbar da take takawa jiya yau ta ɗage ƙafa, a buɗe a ranar, kada a jira mako ukun su cika.

Ɗalibi_Ngaundere
Dokta Garwa, tsinkayen da ke cikin siminti a layi ɗaya ake jera su ko a karkace, kuma a mako na nawa ake zare su a dabba mai kilo 250?

Dokta_Garwa
A karkace, kamar digiri 30 tsakanin ɗaya da ɗaya, don kada ramukan su jeru su tsaga ƙashi. A zare su wajen mako 6 in hoto ya nuna ƙulli, a sa siminti zalla na wasu mako 3 zuwa 4. In ɗaya ya fara girgiɗi ko ramin yana zubar da mugunya kafin nan, shi a cire shi tun da wuri.